Kwamfuta ta ce 1,440, kantar sito ta ce 960: ku taimake ni da shawara

Mai Neman Mafita:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mini. Ni ke kula da sito a wani kamfani da ke rarraba kayan lantarki: ƙwan fitila, soket, makunni, wayar wuta da sauransu. Shekarata tara a wurin. Da rubuta webil, wato takardar da ke raka kaya in an shigo da su ko an fitar, na fara. Maigidan aminin marigayi mahaifina ne, shi ya jawo ni jiki lokacin da ba ni da kowa, har ya kai ga damƙa mini makullan sito gaba ɗaya ya tsallake waɗanda suka riga ni zuwa, kuma har yau wasunsu ba su huce ba. Da littafi muke aiki, daga baya muka koma Excel. Ni na matsa a sayi manhajar kula da sito. Wata takwas ina lallaɓa shi, babban ɗansa yana cewa asarar kuɗi ce, ƙarshe ya yarda don ni. Yanzu watanmu biyar da ita.

Ranar Asabar muka yi ƙidaya. Manhaja ta ce akwai ƙwan fitila mai wat 9 guda 1,440, muka ƙirga sau biyu, 960 muka samu. Soket kuma rara muka gani. Wayar wuta ma ƙasa da sifili take nunawa. Maigida bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi ya shiga mota, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. An ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo bayani. Wallahi ko allura ban taɓa ɗauka ba. In canza manhajar ne, ko in koma Excel, ko yaya zan yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu tarihin shekara tara amma ka bar abin da muke buƙata. Wa ke shigar da bayanai? Yaushe, lokacin da kaya ke fita ko daga baya? Mutum nawa ke shiga da suna ɗaya? Kafin ka amsa, je ka ɗauko katan ɗaya na ƙwan fitilar, ka karanta adadin da ke jikinsa, ka gwada da abin da aka rubuta a manhaja. Na raba 1,440 da 60 na samu 24, na raba 960 da 40 na sake samun 24. Ina kyautata zaton ba a sace maka komai ba a nan. Manhaja ba ta ƙirga kaya, abin da aka faɗa mata take riƙewa.

Dattijon Sito:
Yaro, shekara talatin na yi da littafi da biro, ban taɓa ganin kaya ƙasa da sifili ba. Ka koma abin da ka sani. A 2017 wata cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta durƙusar da Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya da duniya ta sani, sai da ma'aikatansu suka koma takarda da wayar tarho. In su abin ya ci su, kai fa? Littafi ba ya jiran intanet, kuma kowa ya san rubutun hannun kowa.

Mai Neman Mafita:
Injiniya, Allah Ya saka da alheri. Na je na duba yanzu. Tsohon katan 60 ne a ciki, na sabon dilan 40 ne, kuma katan 24 muka karɓa. Jikina har rawa yake. Amma ai wannan ya nuna laifin manhajar ne, me ya sa ba ta yi gargaɗi ba? Baba Dattijo, na gode, amma in na koma littafi na tabbatar wa ɗan maigida maganarsa ke nan.

Injiniya:
Ta ina za ta san dila ya canza katan? Akwai lambar bakod, zanen layukan nan da na'ura ke karantawa, ta jikin ƙwaya ɗaya, yawanci mai lamba 13, akwai ta jikin katan, yawanci mai lamba 14, kuma a ƙa'idar GS1, ƙungiyar da ke tsara lambobin bakod, in adadin cikin katan ya canza, sabuwar lamba ake ba shi. Da an haska katan ɗin da sikana, na'urar karanta bakod, a bakin ƙofa, da ta ce ba ta san shi ba, da tun ranar kun gane. Kuna da sikana kuwa? Kuma har yanzu ba ka amsa sauran tambayoyina ba.

Mai Neman Mafita:
Muna da guda biyu, suna cikin durowa. Mun yi amfani da su mako uku, sai sitikun bakod da muka manna a jikin kowace kanta suka dushe, ba sa karantuwa, masu lodi kuma suka ce ana ɓata musu lokaci. Ku fahimce ni, in mota tana tsaye direba yana danna ham ba za ka ce a jira kwamfuta ba. Webil muke rubutawa da hannu, da yamma sai yaron da ke taimaka mini ya shigar gaba ɗaya. Suna ɗaya muke shiga da shi mu huɗu, don kowane ƙarin mutum sai an biya masa lasisi, ni kuma ba ni da fuskar sake neman kuɗi.

Hajiya Akawu:
Innalillahi. Ɗan'uwa, wannan suna ɗayan shi ya raba ni da aikina. A inda na yi aiki mu biyar ne da kalmar sirri ɗaya, kuma sunana ne a kai don ni aka fara buɗe wa. Da aka samu giɓi, aka buɗe tarihin shige da fice na manhaja, kowane gyara sunana yake nunawa, har wanda aka yi ranar da nake kwance a asibiti. Na kawo takardar likita, ba wanda ya duba. Mutanen da muka yi shekaru tare suka daina amsa gaisuwata. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Wanda ya yi abin yana nan yana aikinsa. Sunan wa ke kan naku?

Mai Neman Mafita:
Nawa ne, Hajiya. Allah Ya bi miki hakkinki. Amma mu ba haka muke ba, yaron ƙanin matata ne, a hannuna ya tashi, sauran biyun ma na yarda da su.

Hajiya Akawu:
Ni ma na yarda da su a lokacin.

Ɗan Zamani:
Yaya, ni dai shawarata ka watsar da ita. Akwai wata manhajar mai suna ERPNext, kyauta ce in ka ɗora ta a kan sabar kanka, wato kwamfutar da za ta riƙe bayanan, ba ruwanka da lasisin kowane mutum. Wata manhajar, Odoo, ita ma tana da nau'in Community na kyauta. Sannan ku duba RFID, alamar da ake manna wa kaya na'ura ta karanta daga nesa, ba sai an haska kaya ɗaya bayan ɗaya ba. Duniya ta yi nisa fa, tun 2012 Amazon ta sayi Kiva Systems, kamfanin ƙera na'urorin aikin sito, a kan dala miliyan 775, na'urori ke ɗauko kanta su kawo wa ma'aikaci har gabansa.

Injiniya:
Ƙanina, mutumin da sikanarsa ke durowa kake kai wa maganar RFID? Kuma kyautar da kake faɗa, wa zai girka, wa zai riƙa ajiye kwafin bayanai, wa zai gyara in ta tsaya? A Odoo ma manhajar bakod ta kamfanin tana ɓangaren da ake biya. In ya kwashi bayanan nan masu datti ya zuba a sabuwar manhaja, bayan wata biyar nan zai dawo da kuka iri ɗaya.

Malam, saurara. Sitika ta dushe ne don firintar zafi kuka yi amfani da ita ba tare da ribin ɗin tawada ba, irin takardar rasit, zafi da haske suna cinye ta. A buga da ribin, ta daɗe. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne shigarwar yamma. Ƙasa da sifili yana nufin an rubuta fitar kayan da ba a rubuta shigarsu ba, ko kuma kuna karɓar waya a naɗi kuna sayarwa a mita ba a gaya wa manhaja mita nawa ke naɗi ɗaya ba. Yawancin manhajoji suna da wurin da ake hana fitar da abin da babu, ka kunna shi. Kowace kanta a ba ta adireshi: layi, kanta, hawa. Kada ka jira ƙidayar shekara, ka ware kayan da suka fi tsada da saurin fita, ka riƙa ƙirga goma kowace safiya kafin a buɗe ƙofa. Rarar soket kuma ka nemi ɗan'uwansa mai kama da shi, za ka tarar da giɓi a can, an ba da wannan an rubuta wancan.

Dattijon Sito:
Duk wannan da ka lissafo ai shi muke yi da littafi tun kafin a haife ku. To ina amfanin kuɗin da aka kashe?

Direban Tirela:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ku masu sito ba ku san abin da muke sha ba. Akwai inda na kwana biyu a bakin get da kaya, wai intanet ta yanke ba za a sauke ba. Ba wanda ya biya ni kwanakin. In za ku sa sikana ku sa wadda ke aiki ko babu intanet, ta tura daga baya. Mai tambaya ya yi gaskiya da ba ya tsayar da mota.

Mai Neman Mafita:
Ka ji ko, Injiniya? Abin da nake faɗa ke nan. A rubuce komai mai sauƙi ne. Ranar da motoci shida suka taru ba mai iya haska katan ɗari uku. Kuma in na ce a ƙirga kaya kowace safiya, tsofaffin ma'aikatan nan za su ce zarginsu nake yi. Ni dai ina ganin da manhajar ta fi haka sauƙi da ba a kai nan ba. Wanda ya sayar mana ma kwana biyu kawai ya koyar da mu ya tafi.

Hajiya Akawu:
Ko ba ka yi komai ba, gobe ka ɗauki katan ɗin nan mai 40 da webil ɗinsa ka kai wa maigida da hannunka, kada ka jira ƙarshen wata. Ka nemi a raba sunayen shiga, kuma ka nema a rubuce.

Injiniya:
Tambaya ɗaya ta rage. Ranar da kuka fara aiki da manhajar, kun rufe sito kun ƙirga komai, ko adadin da ke Excel kuka kwafa? Ina tambaya ne don Excel yana yar da sifilin farkon lamba, kuma lamba mai tsawo irin ta bakod yakan mayar da ita wani abu kamar 6.15E+12. In an ajiye fayil ɗin CSV, wato wanda ake kwashe bayanai da shi zuwa manhaja, a haka, kaya biyu daban suna iya zama lamba ɗaya.

Mai Neman Mafita:
Daga Excel muka kwafa. Maigida ba zai yarda a rufe kwana biyu ba, ni ma ban nema ba, lokacin kasuwa ta buɗe sosai. Amma Excel ɗina daidai yake, ni nake riƙe da shi shekara huɗu. Na kira wanda ya sayar mana, ya ce akwai wani babban tsari da za a iya ƙara mana. Ɗan Zamani, don Allah turo mini bayanin ERPNext ɗin nan in duba da dare.

Injiniya:
Yaushe rabon da a gwada Excel ɗin da abin da ke kan kanta?

Direban Tirela:
Wai akwai wanda ya san sikanar da ke aiki ba intanet? Ba wanda ya amsa mini.