Ramukan da ake tonawa a gonata kafin a fara sabuwar gada

Manomin Bakin Rafi:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga wanda ya san aikin hanya ce. Gadar garinmu, nan ƙasar Zazzau, ta kwana biyu, don ni ma tashi na yi na gan ta. Daminar bara ruwa ya zaizaye ƙafarta ta gabas, har ta kai motar masara sai an sauke rabin kaya an tsallakar da baro. Bana aka ce za a rushe ta a yi sabuwa. An zo an kakkafa turaku masu jan fenti, uku daga ciki a gonata suka faɗa.

Ina zuba ido in ga katafila, sai ga mutum biyar a a-kori-kura, cikinsu har da mace ɗaya mai malafa. Ranar farko ba su taɓa ƙasa ba, jeruwa suka yi suna tafe kai a sunkuye kamar masu kalar gyaɗa. Kashegari suka ja igiya suka fitar da murabba'i, taku ɗaya kowane gefe, suka dinga kankare ƙasa da cokalin magina. Duk ƙasar da ta fito sai ta bi ta rariya. Ɗana na biyu suka ɗauka aikin tankaɗe, ana biyansa kullum, shi yake kawo mini labari. Abin da suke tarawa kuwa tsingaro ne da gawayi da kashin maƙera, wannan baƙin dunƙulen da muke tsincewa mu jefa kan iyaka don yana dakushe garma. Kowanne a leda daban, da lamba a jiki.

A majalisa wasu sun ce zinariya ake nema a ɓoye. Wasu sun ce in aka samu kabari gwamnati za ta ƙwace wurin. To me suke nema? Zai hana a yi gadar? Kuma ya maganar diyyata? Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: shekara shida ke nan, ina haƙa rijiyar lambu a wannan gefen, na ci karo da wani tulu lafiyayye mai zane a wuya. Yana nan bayan ɗaki, kaji na kwana a ciki.

Tsohon Safiyo:

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, mai neman zinariya ba ya ɓata lokaci yana rubuta lamba a kan gawayi. Masu binciken kayan tarihi ne. Tun 1992 akwai doka a ƙasar nan cewa babban aiki sai an duba illar da zai yi wa muhalli kafin a fara, kuma in da kuɗin Bankin Duniya a ciki, sharaɗi ne a duba kufai da kaburbura da wuraren ibada, a kuma rubuta abin da ɗan kwangila zai yi in katafila ta tono wani abu.

Dalilin da ya sa gada ta fi sauran hanya jan hankalinsu shi ne, ba injiniya ne ya fara zaɓen wurin ba. Inda aka yi gada, galibi tsohon mashigi ne, inda ruwa bai da zurfi kuma gaɓa ke da ƙarfi. Nan fatake ke yada zango, nan maƙera ke zama don ga ruwa ga itace. Sabuwar gada kuma ba a kan sawun tsohuwa kaɗai take tsayawa ba. Za a yanka hanyar ratse da motoci za su bi kafin a gama, za a buɗe ramin ɗibar burji, za a share filin ajiye injina. Ni a aikina na ga ramin burji ya cinye tudu guda cikin sati, tifa na kwasa. In ka ga sun nufi can nesa da rafi suna tona, wurin ɗibar ƙasar suke bi.

Diyya lissafinta daban ne. Masu ƙiyasi ne za su zo su ƙirga amfanin gona da itatuwa da rijiyar, domin a dokar filaye ta 1978 abin da ke kan ƙasa ake biya. Ka tsaya da ƙafarka ranar ƙirga, kada ka aika yaro.

Direban Tifa:

Ni fa Baba Safiyo ban ga amfanin wannan ba. Mace na naƙuda a ƙetaren rafi, ana nan ana tankaɗe ƙasa don fasasshiyar tukunya? In ruwa ya sauka ba a zuba ginshiƙi ba, shi ke nan sai wata shekara. Wanda ya yi tukunyar ya mutu, masu rai su ke buƙatar gada.

'Yar Samaru:

Yaya Direba, ban ƙi taka ba, amma ka dubi lissafin. Mutum biyar, sati biyu, tun katafila ba ta iso ba. Wannan ba shi ke cinye rani ba. Jinkirin da ke da zafi shi ne wanda ake yi in an tono ƙasusuwan mutane a tsakiyar aiki, injina na tsaye, gari ya ɗauki zafi. Gara a sani tun yanzu, a zauna da dagaci da liman, a matsar da hanyar ratsen ko a sake binne su da mutunci.

Baba Manomi, fannin da na karanta ke nan a Jami'ar Ahmadu Bello. Kashin maƙeran da kuke jefarwa shaida ce an narka tama a wurin, kuma a gefen Kubanni nan Samaru an tono tsofaffin wuraren narka ƙarfe irin haka. Gawayin shi ke faɗin shekaru. Duk itace yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa bayan an sare shi, rabinsa na ƙarewa a shekara 5,730, don haka in an auna saura a ɗakin gwaji sai a san lokacin da aka hura wutar. Amma sai an san daga wane zurfi ya fito, da abin da ke kwance kusa da shi. Lambar da ke jikin leda ke nan. Katafila in ta yamutsa sama da ƙasa, ko an tsince komai daga baya, an rasa wannan.

Kuma manyan abubuwan da muke taƙama da su, ba masana ne suka fara ganinsu ba. Mutum-mutumin Nok, masu haƙar kuza suka tono a 1928. Kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe, wani Bafulatani ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, kamar kai. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, sai a 1994 masana suka tone wurin. Da ya sare ya yi makamashi, wa zai sani? A Kainji ma an yi irin wannan tono na ceto kafin ruwan dam ya shanye tsohon garin Bussa a 1968.

Maganar tulu: ka nuna masu. Mafi muhimmanci ma ka kai su bakin rijiyar ka nuna iya zurfin da ka same shi. Kada ka kankare shi, kada ka wanke cikinsa. Wanda kawai zan ce ka kiyaya shi ne mai zuwa da kuɗi ya ce zai saya. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya, ta kuma hana tono ba izininta. Kana da ikon ka ce su nuna maka takardarsu, na ƙwarai ba za su ji haushi ba.

Manomin Bakin Rafi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da safe na tambayi mai malafar takarda, ta ɗauko daga mota, malamin firamare ya karanta mini, da hatimi da komai. Sai na kai su bayan ɗaki. Da ta ga tulun sai da ta durƙusa, ta dinga ɗaukar hoto ta kowane gefe, ta tambaye ni ko da wani abu a ciki lokacin da na fito da shi. Na ce baƙar ƙasa ce da wasu 'yan duwatsu masu huda, yara sun yi wasa da su sun ɓatar. Ta dafe kai ta yi shiru.

'Yar Samaru, batun kada a wanke ciki, wannan kam an makara, uwargida ta jiƙa kanwa a ciki shekara biyu kafin kaji su gaje shi. Sun ce gobe za su buɗe sabon rami taku goma daga rijiyar, ranar Alhamis kuma su cike sauran su tashi. Malam Direba, na ga an sauke rodi da tsakuwa a ƙetare jiya da yamma.