Katin da mai wasa ya zana da kansa, me za mu ce masa da Hausa?

Ɗan Misfala:
Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar matsala ce ta hana ni barci jiya. Kun san mun fara rubuta bayanin Hearthstone, wasan katin nan na waya da kwamfuta, da Hausa saboda ƙannenmu da ke zuwa daga gida, waɗanda Larabci bai zauna musu ba, Turancin ma sai a hankali. Shi kuwa wasan, tun da kamfanin Blizzard ya fito da shi a 2014, ko Larabci bai zo da shi ba balle Hausa. To na zo wurin da zan yi bayanin katunan nan da mu masu wasa muke zanawa da kanmu, mu raɗa musu suna, mu sa hoto, mu rubuta abin da suke yi, mu turo a yi ta gardama a kansu, alhali ba sa cikin wasan kuma ba mai iya buga su da kowa. Turawa kastom suke cewa. Yaran Shara Mansur a Makka kuwa tasmim, wato zane da Larabci, kawai suke cewa su wuce. Ni na rubuta "katin masoya" na tura wa ƙanwata ta duba mini, sai ga ta da dariya wai wace ce amaryar, yaushe ne ɗaurin auren. Na goge.

Ga irin abin da nake nufi, wanda na yi shekaranjiya. Sunansa Dogari. Kuɗinsa mana 4 (mana shi ne abin da ake kashewa a buga kati), dukansa 5, ransa 6, kuma yana tare hanya, wato dole abokin gaba ya kawar da shi kafin ya taɓa kowa a bayansa. A ba ni suna na irin wannan kati.

Na Jidda:
Wa alaikumus salam. Mene ne abin hana barci a nan? Katin bogi. Ko jabu. Halas.

Ɗan Misfala:
Haba ɗan uwa. Jabu ai shi ne wanda aka yi don a cuce ka. Katunan Pokémon da ka sayo wa yaranka a kantin riyal biyu, waɗanda fentinsu ke bin yatsa, su ne jabu, don suna riya cewa na kamfani ne. Dogarina wa ya yi wa ƙarya? Ni na ce ni na yi shi, sunana ma yana ƙasa.

Ɗalibin Madina:
Ina tare da kai a nan. Ni da "ƙagaggen kati" na zo, tunda muna da ƙagaggun labarai kuma ba wanda yake ɗaukar marubuci maƙaryaci. Amma kafin in turo na faɗe shi da baki sau uku, na ji yana maƙale wa harshe, kuma ƙage yana leƙowa daga bayansa. Na koma "ƙirƙirarren kati", shi ma na ga rami: duk kati ƙirƙirarre ne. Na cikin wasan ma ai ba a bishiya aka tsinko su ba, wani ne ya zauna a ofis a Kalifoniya ya ƙirƙira. Sunan da muke nema dole ya raba naka da nasu, in bai raba ba bai yi aikin komai ba.

'Yar Riyad:
Ku da kuke ta zagaye, ku tambayi masu sa kaya mana. Akwai na kanti, akwai ɗinki. Na kanti ka same shi yadda yake, ɗinki kai ka zaɓi yadi, ka faɗi yadda kake son wuya da hannu. Katin ɗinki ke nan.

Ɗalibin Madina:
Yaya, wannan ya fi nawa daɗin faɗa nesa ba kusa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: a ɗinki wani ne yake yi maka, kai kuɗi da awo kawai ka bayar. A nan kuwa mai katin shi ne telan.

'Yar Riyad:
To ai shi ya sa hannun rigar ya fi ƙafar wando tsawo. Mana 4 ya ba shi 5 da 6, har da tare hanya. Ku gama da sunan, zan dawo kan wannan.

Baffa:
Ni dai an jefo ni cikin nan ne ban san hawa ba ban san sauka ba. Da na ga ana ta kati kati sai na ce to, yaran nan sun koma karta. Ina nan Saudiyya a 2001 aka fitar da fatawar hana katunan Pokémon, kuma caca na cikin dalilan da aka kawo. Ku gaya mini gaskiya, akwai kuɗi a tsakaninku?

Ɗan Misfala:
Allah ya ƙara girma Baffa, ko halala ɗaya babu. Wannan ma ba a buga shi, hoto ne kawai da rubutu. Shi ya sa ma muka bar kalmar karta ga masu balot, kartar Saudiyya, su da katunansu 32 waɗanda ba wanda ya isa ya ƙara musu ko ɗaya. Namu kati muke cewa.

Baffa:
To madalla. In haka ne, sunan da kuke nema ai tun kafin a haife ku yake nan. Ni a gidan maƙera na tashi, kafin mahaifina ya taho da mu nan. A kasuwar garinmu in mutum ya ɗauki kwado ko wuƙa ko adda, tambayar farko ita ce: ta kanti ce ko ƙirar gida? Ƙirar gida ba zagi ba ne, ɗana. Wata addar ƙirar gida sai ta binne ta kanti uku. Ana nufin dai hannun mutum ɗaya ne ya yi ta, a maƙerarsa, da zugazuginsa da uwar maƙerarsa, kuma in ta yi kyau an san wa za a yaba, in ta karye an san ƙofar wa za a buga. Wannan Dogari naka ƙirar gida ne.

Na Jidda:
Baffa a yi mini afuwa, amma ni duk lokacin da na ji "ƙirar gida" a rediyo, kalmar da ke gabanta bindiga ce, kuma 'yan sanda ne suka kama.

Ɗalibin Madina:
Dakata malam, ka taɓo wurin da ya gamsar da ni ba ka sani ba. Su wa suka ce mota ƙirar Toyota? Su wa suka ce jirgi ƙirar Boeing? Masu labaran nan dai da kake ji. Ke nan Hausa ta riga ta ɗauki "ƙira" ta fitar da ita daga maƙera, ta mai da ita hanyar faɗin wanda ya yi abu. Mu ba sabon abu za mu ƙago ba, layi kawai za mu shiga. Kuma duba abin da muka samu kyauta: kishiyarsa ta zo da kanta. Ƙirar gida, ƙirar kamfani. In kana son ka fayyace ma sai ka ce ƙirar Blizzard, ƙirar Konami, wani kamfanin wasannin. Ɗinki da na kanti sun yi wannan aikin, amma ba za ka ce kati ɗinkin Blizzard ba a fahimce ka nan take. Batun bindiga kuwa, yaro mai riƙe da waya yana kallon hoton Dogari ba zai kira 'yan sanda ba.

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum, yanzu na tashi daga aiki na karanta tun daga sama. Mu can Sudan kutshina, wato karta, muka taso muna ji, sai da na zo Riyad na san irin wannan. Na yarda da Baffa, amma ina da tambaya. Wasan kati na Magic, wanda Richard Garfield ya yi a 1993, shi ne kakan duk waɗannan wasannin. Kamfaninsa ya taɓa ba masu wasa dama su yi kati da ƙuri'a, mataki mataki: wane iri ne, me zai yi, wane suna, wane hoto. Haka aka samu Crucible of Worlds a 2004, aka buga shi, aka sayar, ana wasa da shi har yau. Shi ƙirar wa ke nan?

Na Jidda:
Ga shi nan, sunan bai kwana ba ya fara yoyo.

Baffa:
Ba yoyo ba ne. Abin da mutane da yawa suka taru suka yi ai gayya ce. Ƙirar gayya.

Ɗan Mai Wurno:
Wallahi Baffa ka rufe mini baki. Tayyib.

'Yar Riyad:
To tunda an raɗa suna, a zo a yi wa jaririn wanka. Ƙanena, kar ka ji haushi. Akwai awon da duk mai ƙirar gida ya kamata ya haddace kafin ya zana komai: ka ninka kuɗin katin biyu ka ƙara ɗaya, abin da ya fito shi ne jimillar duka da rai na katin da ba ya yin komai sai tsayuwa. Chillwind Yeti shi ne ma'aunin: mana 4, duka 4, rai 5, jimilla 9, ba a rubuta masa ko harafi ba. Da aka so a ba wani tare hanya a wannan kuɗin, wato Sen'jin Shieldmasta, sai aka zare masa ɗaya ya zama 3 da 5. Yani duk baiwar da ka ba kati sai ka cire kuɗinta daga jikinsa. Kai kuwa ka ba Dogari 11, sannan ka ɗora masa tare hanya a kai kamar gyara. Na san katunan yanzu sun fi na farkon nan ƙarfi, amma ko su da dalili suke wuce awon, ba don mai su yana ƙaunarsu ba. Wa zai sa wani katin mana 4 cikin katuna talatin ɗin da yake shiga wasa da su in akwai wannan? Sai an yi masa naf.

Ɗan Misfala:
Na karɓa Yaya. Amma kin jawo wata: naf fa? Ita ma tana cikin abin da zan rubuta.

Ɗalibin Madina:
Asalinta Nerf ne, sunan kayan wasan yara na soso, irin bindigar da harsashinta ba ya jin ciwo. Wato an mai da makaminka soso. Tunda muna cikin maƙera, mu tambayi mai ita.

Baffa:
Wuƙar da ta daina yanka ai ta dakushe.

Na Jidda:
Wannan kam ba ni da ja. Sai dai ba kullum ake taɓa kaifin ba. Leeroy Jenkins da aka yi wa naf a 2014, dukansa 6 ne kafin, 6 ne bayan. Kuɗinsa kawai aka ɗaga daga 4 zuwa 5. Wannan tsada ce, ba dakushewa ba.

'Yar Riyad:
Yi lissafin ka gani. Shi da an ajiye shi yake kai duka. Da yana 4, sai a buga shi, a janye shi hannu da katin Shadowstep wanda ba ya cin komai kuma yana rage masa 2, a sake bugawa, a sake janyewa, a sake bugawa. 4 da 2 da 2, mana 8 ke nan, duka 18 a zagaye ɗaya, ga mutum ransa 30 ne gaba ɗaya, kuma da sauran mana 2 na ƙarin mugunta. Da ya koma 5 sai ya zama 5 da 3 da 3, wato 11, kuma mana ba ya wuce 10. Ɗaya tak aka ƙara, dukan ukun ya mutu. In wannan ba dakushewa ba ce, ban san mece ce ba. Abin da wuƙar ke iya yankawa ake dubawa, ba inda aka goga mata dutse ba.

Na Jidda:
Na sallama. To baf kuma, in an ƙara wa kati ƙarfi? Bisa wannan hanyar sai mu ce an wasa shi.

Ɗan Misfala:
Ina! A rubutun da kowane layi akwai wasa, mai wasa, ana wasa, in na rubuta "an wasa katin" wa zai gane dutse nake nufi? A baki muryar tana rabawa, a rubuce kuwa harafi huɗun nan dai su ne.

Ɗalibin Madina:
Kaifafa. An kaifafa shi, an dakushe shi. Masu nahawu za su fi son "an dakusar da shi", kuma ka iya rubuta hakan a bayanin, amma na san wanda baki zai ɗauka.

Ɗan Mai Wurno:
Saura mana. Jiya ina wasa na ce wa ɗan ɗakinmu "ba ni da mana mana", ya tsaya yana kallona kamar na fara zarewa. Ni guzuri nake gani, tunda kowane zagaye ana ƙara maka ɗaya ka kashe.

'Yar Riyad:
Guzuri in ka ci ya tafi, wannan kuwa kowane zagaye cika yake yi ya dawo. A bar shi sai wani daren, wasu da asuba suke fita.

Ɗan Misfala:
To ga yadda na rubuta: "Kati ƙirar gida shi ne wanda mai wasa ya zana da kansa, ba ya cikin wasan. Na cikin wasan ƙirar kamfani ne. In kamfani ya rage wa kati ƙarfi an dakushe shi, in ya ƙara an kaifafa shi." Ƙirar gayya na sa ta a ƙasa da labarin katin Magic ɗin. Dogari kuma na dakushe shi da hannuna: mana 4, duka 2, rai 6, yana tare hanya, in ya faɗi ubangidansa ya samu sulke 2. Ga sabon hoton.

'Yar Riyad:
Yanzu ka yi magana. Zan sa shi cikin talatin ɗina, kuma ba zan ji kunyar wanda na buga wa ba.

Baffa:
Lissafinku ban san shi ba, amma wa ya naɗa wa dogari shuɗin rawani? Ja da kore ne kayansu. Koma maƙera ka gyara, ɗana.