Akaifar babban yatsana tana cin nama

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Sati 2 ke nan akaifar babban yatsan ƙafata ta dama tana shiga nama. Wurin ya kumbura ya yi ja, ko zaman tahiya da kyar nake yi. Wani mai yankan farce ne ya ƙwaƙule mini gefen da reza a bakin kasuwa. Mi za ni yi?

Uwar gida daga Runjin Sambo: Sannu ƙanena, ƙwaƙular nan ce ta ja maka. A miƙe ake yanke farcen ƙafa, ba a rage kusurwa, kada kuma a yanke shi ƙut. Jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri minti 15, sau 3 a rana, ka tsane ta sosai. Aje sau-ciki, koma silifa, da zafin garin nan ma ya fi.

Ma'aikacin jinya, Arkilla: Gaskiyar Hajiya. Amma malam, in ka ga mugunya ko kana da ciwon suga, kada ka tsaya gida, tafi asibiti. Allurar kashe zafi za a yi wa yatsan, a cire gefen farcen kawai.

Ɗan Mabera: Na gode. Ba ni da suga, amma allurar nan fa...