MF 375 tana juyawa amma ta ƙi tashi, ko hayaƙi babu

Manomin Fadama:
Assalamu alaikum, masana injin gas, a taimaka mini. Tarakta ce Massey Ferguson (MF) 375 mai injin Perkins silinda huɗu. Tun bayan girbi take ajiye a rumfa, kusan wata biyar, da ɗan guntun mai a tanki. Jiya muka zuba jarka ɗaya, muka sa sabon batir. Kik yana juya injin da ƙarfi, amma ko tari ba ta yi, salansa kuma ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan. Direba ya canza filta, shiru. Wani ya ce a kwance injekta, wato babban famfon da ke tura mai zuwa silinda, a kai Kano. Ga ruwa ya sauka, gona na jiran haro. Ta ina zan fara?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bari a taɓa injekta tukuna, ita ce ta ƙarshe a layi kuma ita ce mai cin kuɗi. Rashin hayaƙin nan ya riga ya faɗa maka rabin matsalar: mai ba ya isa silinda. Da yana isa ya ƙi kamawa, da ka ga farin hayaƙi.

Fara da wayar kashe inji. A tura ta ciki, sannan a leƙa jikin injekta a tabbatar hannun da take ja ya koma gaba har ƙarshe, domin wayar kan yi tsatsa ta maƙale a rabi. Sai ka bi man daga tanki, gaɓa bayan gaɓa. Buɗe makullin ƙarƙashin tanki, ka cire bututun da ke shiga ƙaramin famfon jan mai na gefen inji. Ya kamata mai ya zubo cike da bakin bututun. In ɗigowa yake, buɗe murfin tanki ka sake dubawa: in ya ƙaru, ƙaramar hudar iskar murfin ce ta toshe, zanzaro ma kan yi gini a wurin. In bai ƙaru ba, ragar da ke kan makullin a cikin tanki ta cika da tsatsa.

Daga nan sai cire iska, kuma a jere ake yi. Sassauta notin saman filta, ka riƙa danna hannun famfon jan mai har kumfa ta ƙare, mai ya fito garau, ka ɗaure. A jikin injektar CAV akwai ƙananan notoci biyu na cire iska, sifana 5/16 ke kama su. Na ƙasa da fari, sannan na sama da ke kan murfin gwamna, wato sashen da ke daidaita gudun inji. A ɗaure su a hankali, saurin karyewa gare su. Ƙarshe sassauta bututun nozul biyu (nozul shi ne mai fesa mai cikin silinda), a ba da totur duka, a yi kik. Da mai ya fara tsartuwa a ɗaure. Kada kik ya wuce daƙiƙa 15 a jere, a huta minti ɗaya ko biyu, in ba haka ba sitata ta ƙone a ƙara wata hidimar.

Dan Gareji:
Oga Mai Sifana ya yi bayani. Ni inda hankalina ya tsaya shi ne canza filtar da aka yi. Filtar CAV 296 tana zuwa da robobi a kwali, kuma babbar robar sama a cikin ramin kan filta take zama, wato ƙarfen da ke manne da inji. Da yawa suna kwantar da ita a saman filtar kanta, sai ta rufe hanyar da mai ke bi. Ko kwana ka yi kana dannawa mai ba zai wuce ba. Wani kuma ya bar tsohuwar roba a ramin ya ɗora sabuwa, iska ta samu ƙofa. A sake kwancewa, a haska da tocila, a zaƙulo tsohuwar.

In ka danna hannun famfon ka ji shi sakayau ba nauyi, ba lallai ya lalace ba. Kam ne, wato sandar cikin inji mai tudu da ke motsa famfon, ya tsaya a kan tudunsa ya riga ya tura shi. Juya injin zagaye ɗaya ka sake gwadawa. In har yanzu ba ya turo mai, zaro gejin baƙin mai: in ya haura alama, ya tsinke, yana warin gas, robar cikin famfon ta yage, mai na zuba cikin inji. Nan sai sabon famfo da juyen baƙin mai.

Injiniya Sahel:
Malam, wata biyar da tanki kusan wayam, ka sa ran ruwa. Rana ta dafa tanki, dare ya sanyaya, raɓa ta taru a ciki, ta kwanta a ƙasa tunda ta fi gas nauyi. Tsiyayo mai a kwalba mai haske ka ajiye minti goma. In ka ga layi a ƙasa, ko baƙin abu mai yauƙi, a juye tankin gaba ɗaya a wanke, a bar batun cire iska sai an gama. Man jarka na bakin titi ma a tace shi kafin a zuba. Gas ɗin shi ne ke shafe cikin injektar nan, shi ya sa ruwa ko gaurayen kalanzir ke cinye ta.

Kuma don Allah kada kowa ya kai yatsa bakin nozul ko bututunsa ana kik. Ƙarfin feshin ya haura bar 150 a ma'aunin matsi, yana huda fata, kuma ko ciwon bai fi tsinin allura ba asibiti ake zuwa nan take. Kada a fesa fetur a bakin iska don a tilasta mata tashi, yana fasa ringi.

Manomin Fadama:
Allah ya saka da alheri. Robar filta ce aka sa ba daidai ba, mun gyara, mun kuma wanke tanki, an samu ruwa kusan kofi guda. Yanzu mai na fitowa garau a notocin injekta biyu, amma bututun nozul a bushe suke.

Mai Sifana:
To yanzu an iso injektar, Alhaji. Mai na shiga, ba ya fita. Galibi ƙaramin bawul ɗin da ke auna mai ne ya daskare a rufe, domin a rufe aka bar shi ranar da aka kashe ta, tsohon mai ya zama danƙo a kansa. Ja wayar kashewa ka mayar sau goma sha, ka motsa totur gaba da baya, ka ɗan ƙwanƙwasa murfin gwamna da ƙotar sukurdireba, a sake kik da bututu biyu a sassauce. In bai saki ba, kada a buɗe murfin a gona cikin ƙura: akwai sifirin da ke shiga huda takamaimai, in aka sauya masa huda gudun injin ya rikice. A kira mai gyaran injekta. In dole sai an cire ta, a duba layin saiti da ke tsakanin jikinta da inji, a ƙara masa alama da ƙusa kafin a kwance notoci ukun, a kuma toshe bakin kowane bututu da leda mai tsabta.