Aikin doka a kamfanin irin shuka: wa ya taɓa yi a Damagaram?

Ƴar Zongo: Salamu alaikum yayyena. Na gama mastar ɗin doka a Yamai, na dawo gida. Wani kamfani mai sarrafa irin shuka, wanda ke da ɗan labo (ɗakin gwaje-gwaje) nasa, ya kira ni in riƙe masa harkar doka, ya riƙa biyana albashi. Baba ya fi son in zama Metir, wato lauya mai tsayawa a kotu, in sa baƙar riga. Ni kuwa raina na wajen kamfanin, sai dai ban san komai a kimiyyar tsirrai ba. Wanda ya taɓa wannan aikin, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata bakwai a ciki. Ki fara fayyace wa Baba cewa mai cin albashin kamfani ba ya cikin ƙungiyar lauyoyi. In rigima ta yi girma, Metir na waje ake ɗauka, ke ce mai shirya masa dosiye. Naki aikin shi ne kada ta kai can.

Shekarata ta farko na rubuta wa manoman da ke ninka mana irin hatsi wajen Mirya kontara mai shafi shida da Faransanci, ina ganin na gama komai. Ashe ban rubuta wanda zai ɗebi samfur ba, balle ranar gwajin tsirowa. Da kaka labo ta ce irin bai kai ba, manoma suka ce laimar sitonmu ce ta ɓata shi. Wani dattijo ya zo biro da tsumma a aljihu, ya jiƙa shi, ya ƙirga ƙwaya ɗari daga ragowar da ya ajiye a rumbunsa, ya naɗe, ya ce in ajiye a kan teburina. Da muka buɗe bayan kwana biyar, kusan duka sun fito da saiwa. Wallahi kunya ta rufe ni, don gaskiyarsa ce, takardata ce ta bar shi a rana. Kamfani ya biya. Tun daga nan ana raba samfur uku, a rufe a gaban kowa, kuma da Hausa nake karanta kontara a ƙofar mai gari kafin a dangwala hannu.

Uwar Biyu: Ƙanwata, dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta ƙasashen Afirka da dama, da kika karanta za ta ciyar da ke kullum, amma ki ƙara da yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda OAPI, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka da ke Yawunde, ke aiki da ita. Rataye na goma na yarjejeniyar shi ke maganar kare sabon nau'in shuka: sai ya zama sabo, ya bambanta da sauran, ya fito bai ɗaya, kuma ya riƙe halinsa in an sake shukawa. Kariyar shekara 25 ce. Ni abin da ya ja ni wannan fannin shi ne labarin albasar Galmi, lokacin da wani kamfanin waje ya nemi rajistarta a OAPI, manoma suka tashi tsaye. Har yau in mai bincike ya zo neman samfurin hatsin gargajiya, ba ya fita da ko cikin tafin hannu sai na ga takardar izini da ta rabon amfani, kamar yadda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanada.

Na Magarya: Mu da ke bakin iyaka namu ciwon kan daban ne. A 2019 Najeriya ta saki waken SAMPEA 20-T na cibiyar Samaru, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke huda kwanso. Manoma suna jin labari a kasuwa, suna tambaya. Direktanmu ya so a shigo da ƴan buhuna a gwada. Na ce masa amincewar Abuja ba ta Yamai ba ce, yarjejeniyar Kartahena kan halittun da aka sauya wa ƙwayar halitta ta ce sai ƙasar da za a shuka ta yarda tukuna. Na tuna masa Burkina, da suka rungumi audugar da aka sauya wa ƙwayar halitta a 2008 suka bar ta a 2016 saboda zarenta ya gajarce. Mako biyu yana amsa gaisuwata da ƙyar. Ki shirya wa irin wannan ranar, don mai biyanki albashi za ki ce wa a'a.

Kuma tun ficewarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 nake bin tsofaffin kontarorinmu ɗaya bayan ɗaya, ina duba duk inda aka dogara da ƙa'idar iri ta CEDEAO ta 2008.

Tsohon Ɗalibi: Ni shekara biyu na yi na bari. Ni kaɗai ne ɗan doka a gidan, har takardun CNSS (asusun inshorar ma'aikata) da hayar sito a kaina suke, ba wanda zan tambaya in na rikice. Kafin ki sa hannu, a rubuta miki aikinki da wanda za ki riƙa kai wa rahoto.

Ƴar Zongo: Allah ya saka muku da alheri. Yaya Ɗan Birni, ta ina zan fara koyon kimiyyar?

Ɗan Birni: Daga sito. Ki roƙi mai labo ya bar ki ki ƙirga ƙwaya tare da shi, ki gane tambarin buhu: shuɗi na R1 ne, wato tantataccen iri na ninkin farko, ja na R2, na ninki na biyu. Da damina ta faɗi kuma ki bi injiniyan gona zuwa ƙauye, ki tafi da takalmin roba.