Tirela ta bugi ƙanena a hanyar Bahra, aikin asibiti kuma ya ɓaci: ta ina za mu fara?

Baban Hafsat, Jidda:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Makonni uku da suka wuce wata tirela mai ɗauke da siminti ta bugi motar ƙanena ta baya a tsohuwar hanyar Makka, daf da Bahra, ya samu karaya biyu a cinyar dama. An yi masa aiki an sa ƙarfe a wani asibitin kuɗi, amma bayan kwana goma wurin ya fara ruwa, kuma likitan da muka kai shi wurinsa daga baya ya ce ƙarfen bai zauna daidai ba, sai an sake buɗewa. Jiya wakilin kamfanin tirelar ya zo har bakin gadonsa da takarda, ya ce a sa hannu a karɓi riyal 20,000 a rufe magana. Na ce masa sai na yi shawara da manya.

Alhaji na Shara Mansur, Makka:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ka yi daidai da ka riƙe hannunka, ɗana, domin wannan takarda ita ce Larabawa ke kira tanazul, kuma wanda ya sa hannu a kanta ya yafe haƙƙinsa tun kafin ya san girman raunin. Abin da za ka fara nema shi ne rahoton Murur, wato 'yan sandan hanya na Saudiyya. Tunda an ji rauni, ba Najm, kamfanin da ke duba haɗarin mota a madadin masu inshora, ne ke da hurumin haɗarin ba, 'yan sandan hanya ne, kuma a rahotonsu ake rubuta kason laifin kowane direba. Wannan kaso shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, don idan aka ɗora wa ƙanenka kashi 25 cikin 100, to a kan haka za a zaftare abin da zai karɓa. Ka karanta shi da idonka, idan akwai kuskure ka shigar da ƙorafi ba tare da jinkiri ba.

Direban Dammam:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Shekarata goma sha ɗaya ina jan tirela, kuma abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne, ba aljihun direba ake bi ba. Inshorar dole da ke kan kowace mota a ƙasar nan tana ɗaukar nauyin ɓarnar da aka yi wa wani har riyal miliyan 10, kuma kamfanin da direba ke wa aiki yana da alhakin abin da yaronsa ya aikata a bakin aiki. Ka samo lambar motar da sunan kamfanin inshorarta daga rahoton. Ita kuwa motar ƙanenka, a cibiyar Taqdeer ake ƙiyasta ɓarnarta, wannan lissafi ne daban da na jikinsa.

Maman Bilkisu, Madina:
Ni dai, Baban Hafsat, da za ka ji tawa, da ka karɓi abin da ya samu ka bar wa Allah sauran. Baƙo a ƙasar mutane ba ya son yawan zirga-zirgar kotu, kuma abin da ya faru ƙaddara ce.

Abu Yasir, Riyad:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ki yi mini uzuri a nan. Yarda da ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi, tunda Alƙur'ani da kansa ya wajabta diyyar kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma a kan wannan asali kotunan ƙasar nan ke auna rauni. Tun shekarar 2011 cikakkiyar diyyar kuskure riyal 300,000 ce, rasa ƙafa ɗaya kuma rabin diyya ne. Raunin da bai kai haka ba, akwai ƙwararru a kotu da aikinsu shi ne ƙiyasta arshinsa, wato diyyar raunin, bisa rahoton likita na ƙarshe, wanda ba a rubutawa sai jinya ta kammala an ga nakasar da ta rage. Shi ya sa kuɗin da aka kawo tun mutum na kwance ba zai zama ma'auni ba. Dokar mu'amalar jama'a ta 2023 ta kuma amince da biyan diyyar cutarwar da ba ta jiki ba, kamar raɗaɗin zuciya, ta ba da wa'adin shekara uku na shigar da ƙara daga ranar da mutum ya san cutarwar da wanda ya jawo ta.

Sai dai ka raba ƙarar biyu, Baban Hafsat, kada ka cakuɗa su. Ta tirela tana tsakaninku da direba da kamfaninsa da masu inshora. Ta asibiti kuwa hanyarta daban: ka kira 937 na Ma'aikatar Lafiya ka shigar da koke, ka nemi cikakken fayil ɗinsa a rubuce, har da hotunan ƙashi na kafin aiki da na bayansa, kafin a sake buɗe cinyar, domin da zarar an cire ƙarfen shaida mafi ƙarfi ta tafi. Da can kwamitocin shari'a na ɓangaren lafiya ne ke sauraron irin wannan ƙara, yanzu an mayar da ita manyan kotuna. Ka sani kuma ba kowace matsala bayan tiyata ce kuskure ba, sai likitoci ƙwararru sun tabbatar an kauce wa ƙa'idar aiki. Doka ta tilasta wa likitoci yin inshorar kuskuren aiki, saboda haka kada tausayin likitan ya hana ka.

Alhaji na Shara Mansur, Makka:
Game da lauya, ka guji 'yan kamasho da ke tsayawa a ƙofar ofisoshi suna cewa sun san alƙali. Ka duba sunan duk wanda za ka ɗauka a jerin lauyoyi masu lasisi da ke Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a, ku rubuta yarjejeniyar ladansa da adadinta. Tunda yaron ba ya iya tashi, ya yi maka wakala ta Najiz ɗin daga wayarsa, amma a cire ikon yafewa da sulhu daga wadda za a ba lauya. Tambaya ɗaya: a bakin aiki yake lokacin da abin ya faru? In haka ne, kafil ɗinsa, wato maigidan da ke ɗauke da takardun aikinsa, ya kamata ya sanar da hukumar inshorar ma'aikata, domin raunin wurin aiki ya shafi baƙi ma.

Baban Hafsat, Jidda:
Na gode, Baba Alhaji, na gode Hajiya da sauran 'yan uwa. Kayan shagon maigidansa ya ɗauko daga Jidda zai kai Makka, saboda haka zan tuntuɓi kafil ɗin yau da dare. Gobe da safe zan je Murur karɓo rahoton, hotunan ƙashin kuma na riga na roƙi likitan na biyu ya ba ni kwafi kafin ranar Lahadi da aka sa za a sake aikin.