Shingen gidanmu ya bushe, me zan dasa tsuntsaye su dawo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Kumasi, wajen Asokore Mampong. Shingen da ke tsakanin gidanmu da layi marigayi maigidana ne ya dasa shi, duranta ce, mai ganye ruwan ɗorawa. Yanzu rabinsa ya bushe, kuma an gaya mini 'ya'yanta guba ne, ga jikokina suna tsinka. Yara sun ce a ja bulo a huta. Ni raina bai ba ni ba. Bayan sallar asuba a baranda nake zama ina jin kukan tsuntsaye, ba na so in wayi gari ina kallon siminti. Wurin zai yi ƙafa 60. Me zan dasa da zai tsare gida, ya kuma jawo tsuntsu da malam-buɗe-littafi? Tumakin maƙwabta suna yawo a layin.

Wani dattijo mai lambu, Aboabo: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Alhaji. Ki fara da aduruku, wanda Asantawa ke kira sesemasa. Da shi ake shaida iyakar fili tun kaka da kakanni. Reshe za ki sara ki kafa, ba sai iri ba, zai kama. Yana miƙewa sama ba ya cin wuri, furensa kuma ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki suna zuwa shan ruwansa. Sai dai shi kaɗai ba ya toshe ƙasa. Tsakaninsa ki sa lalle: yana yin duhu, in ya tsufa yana fid da ƙaya, ƙamshin furensa da yamma kuwa sai wanda ya ji. Ga na salla da biki kin samu a gida. Kada ki dasa iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ciwo ɗaya ne zai kwashe miki duka. Ki jira ruwan Afrilu ya zauna, in ya wuce ki, sai na Satumba.

Wata 'yar'uwa daga Nima, Accra: Yaya, ki ƙara shuwaka da zogale ta cikin gida. In shuwaka ta yi fure, ƙudan zuma har guna suke yi a kanta. Amma ta waje kada ki sa, tumaki ba za su bar miki ko ganye ba.

Wani ɗalibin jami'ar KNUST, Kumasi: Mama, in malam-buɗe-littafi kike so ya zauna, fure kaɗai bai isa ba, sai da ganyen da tsutsarsa za ta ci. Ki sa lemun tsami biyu ko uku a jerin. Akwai wani babba, baƙi mai ɗigon rawaya, a ganyen lemu yake ƙwai. Za ki ga ganye ya sha ci, don Allah kada a yi feshi. Masu sayar da fure za su nuna miki lantana, gaskiya tana jawo su, amma tana cinye wuri kamar ciyawar Acheampong, kuma tana cutar da dabbobi. Bini-da-zugu ma kada a dasa shi saboda yara. In kin samu hali jikoki su raka ki dajin Bobiri, wajen Kubease a hanyar Accra, akwai malam-buɗe-littafi kusan iri 400.

Wani maƙwabci, Sawaba: Ni dai maciji nake ji miki, Hajiya. Duhuwa kusa da ɗaki ba wasa ba ce.

Dattijo mai lambu: Maganarka gaskiya ce Malam, amma ɓera maciji ke bi. A share gindin, kada a tara shara ko tsohon bulo. Aski kuma sau biyu a shekara ya isa, bayan fure ya zube, a leƙa ko da sheƙa kafin a sa almakashi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da babban ɗana, ya yarda zai ja waya ta waje har dashen ya yi ƙarfi. Baba, sandar aduruku tsawon ƙafa nawa zan sa a saro mini?